Kwalbar da Baffa Ya Karɓa

Ni ba mai saurin yafiya ba ce, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Tun ina ƙarama an san ni da riƙo a gidanmu. Amma duk riƙon da na yi a rayuwata babu wanda ya kai na Baffa, ƙanin mahaifinmu. Shekara tara na yi ina dakon ranar da zai faɗo hannuna, da ranar ta zo kuwa ban sassauta masa ko kaɗan ba.

Asalinmu mutanen Haɗejiya ne, fatauci ya zaunar da kakanmu a Gashuwa. Da mahaifinmu ya rasu, Baffa ya zama babban gida. Tsohon disfensa ne, mai ba da magani a asibiti, da ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe kemis a bakin kasuwa, kuma duk unguwarmu Likita ake ce masa. Da na gama karatun likitanci na dawo gida, sai mutane suka rasa yadda za su yi da likita biyu a gida ɗaya. Ba su sha wahalar warwarewa ba. Shi ya ci gaba da zama Likita, ni kuwa aka bar ni a 'yar nan.

Yaya, babban wanmu, bandar kifi yake saye wurin masunta ta wajen Katuzu, ya ɗaure a kwali ya kai kasuwar Nguru. Mutum ne mai jiki da dariya, shi ya riƙe karatuna bayan rasuwar mahaifinmu. Wajen tsakiyar shekarun casa'in ciwo ya fara masa. Ciki ya murɗa, zawo ya ƙi jin magani, sannan wani zafi ya taso masa daga ƙirji ya rufe fuska, idanu su kaɗa su yi ja, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Ko yaji ya ci, ko ransa ya ɓaci, sai abin ya motsa. Baffa ya ce taifot ce. Da taifot ta ƙi tafiya ya ce olsa ce ta haɗu da ita. Shekara huɗu yana ɗirka masa allura, Yaya yana zuwa yana miƙa hannu yana godiya.

A lokacin ina Kano ina koyon gwajin nama. Aikin shi ne, idan an yanko wani abu daga jikin mutum a tiyata, sai mu daskarar da shi cikin kakin zuma, mu yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, mu ɗora a gilashi, mu rina shi, mu duba a madubin gwaji, mu faɗi sunan ciwon. A can na karanta labarin wani irin ƙari da ba a cika gani ba. Yana tsirowa ne daga ƙwayoyin da ke zuba sinadari cikin jini, sau da yawa a hanji, kuma sinadarin ne ke kawo zawon da zafin fuskar. Ina karantawa ina ganin Yaya a kowane layi. Da na zo hutu na durƙusa na faɗa wa Baffa cikin ladabi. Ya kalle ni ta saman tabarau ya yi dariya.

"Wannan ciwon littafi ne, 'yar nan," in ji shi. "Mu nan ciwon mutane muke magani."

Na haɗiye, domin a lokacin ina iya haɗiyewa.

A shekarar da abin ya faru, aka manna wata sanarwa a allon sashenmu. Wata gidauniya ce ta ƙasar waje take neman sababbin masu bincike a kan irin wannan ƙarin, za ta tallafa musu. Wallahi da na gani sai da na zauna. Tallafin zai kawo mana rini na musamman da ke tona asirin wannan ƙarin, wanda ba mu da shi ko ɗigo, kuma zai haɗa ni da manyan da suka san ciwon, in riƙa aika musu gilashi suna ba ni shawara. Sharaɗi biyu suka kafa. Na farko, kada mutum ya wuce 'yan shekaru da gama karatu, kuma da na lissafa sai na ga wannan ce shekarata ta ƙarshe. Na biyu, sai ka nuna majinyaci ko da guda ɗaya wanda ka ga ƙarin a gilashi da idonka. Na cika fom, na rubuta duk abin da zan yi, shugaban sashe ya sa hannu. Nama kaɗai ya rage mini, kuma nama ba a sayo shi a kasuwa.

Cikin damina hanjin Yaya ya toshe. Aka kwantar da shi a bayan akori-kura, aka bi ta Jajimaji da shi cikin laka har Nguru. Wani direban tasha ya kawo mini saƙo Kano, na baro da sassafe, na iske an riga an shiga da shi tiyata. Da likitan ya fito ya ja ni gefe, tun da ya san ni 'yar sana'a ce. Ya ce ya sami wani ƙulli mai tauri, rawaya-rawaya, kamar girman goro, ya tattare ƙaramin hanji ya shaƙe shi, ya yanke wurin ya haɗe. Ya ce sai gwaji ya fito zai san ko ya kwashe duka. Allah ya gafarta mini, a daidai lokacin zuciyata biyu ce. Ina tsoron abin da zai sami Yaya, ina kuma murna, domin maganinsa da bincikena duka suna cikin abu ɗaya.

To, a zamanin babu ɗakin gwajin nama a wannan yanki kaf. Yadda ake yi shi ne a zuba abin da aka yanko a kwalba da ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a liƙa filasta a rubuta suna, a miƙa wa dangi su kai Kano da kansu. Muna tsaye a baranda sai nas ta fito da kwalbar a hannu.

"Ina babban mai majinyacin?" ta tambaya.

Baffa ya gyara babbar riga ya matso. Ni ina nan tsaye, ni da zan yanka naman, ni da zan koma Kano washegari. Na miƙa hannu har ya kai rabi. Baffa ya juyo ya dube ni, irin kallon da babba ke yi wa yaro a gaban mutane, sai na ji hannun ya koma da kansa. Ba a fizge abu daga hannun ƙanin uba, haka aka rene ni. Ya karɓa ya sa a jakarsa.

"Baffa, ni zan tafi da ita gobe," na ce.

"Za a ba ki," ya ce.

Na yi shekaru ina tsine wa wannan hannun nawa. Daƙiƙa guda ce, da na yi rashin kunya sau ɗaya da an zage ni na mako guda an manta.

Washegari na neme shi aka ce ya koma Gashuwa buɗe shago. Na zauna da Yaya har ya farfaɗo ya fara shan ruwa, sannan na bi Baffa Gashuwa. Na same shi a zaure da dattawan unguwa, ana cin goro. Na cire takalmi na gyara gyale, na durƙusa na gaishe su, na ce na zo karɓar kwalba. Bai ko kalle ni ba, mutanen yake kallo.

"An binne," ya ce. "Abin da ya fita daga jikin Musulmi ƙasa ce makomarsa. Ba za a ɗauki naman ɗana a kai Kano a yayyanka, a aika wa Turawa suna kallo ba. Ba ina raye ba."

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya saka. Ni ban san sanda na miƙe ba. Na ce masa mai naman yana da rai, yana kwance a Nguru da ɗinki a ciki, kuma ba a tambaye shi ba. Na ce shi da ya yi aikin asibiti ya fi kowa sanin abin da ya yi. Muryata ta kai har cikin gida, mata suka fito suka janye ni, ana cewa boko ya ɓata yarinya.

Ban tsaya ba. Na tafi wurin malamin unguwarmu, tsohon Babarbare mai taushin magana, na zayyana masa komai. Ya ce lalurar magani ta halatta a jinkirta binnewa, a gwada, abin da ya saura a binne daga baya, babu laifi ko kaɗan. Ya aika aka kira Baffa ya faɗa masa haka a gabana. Baffa ya yi tagumi kamar abin ya dame shi, ya ce ai da ya sani, amma aikin gama ya gama. Malam ya ce ya nuna wurin, nama mai fomalin ba ya saurin lalacewa in ji 'yar nan, wataƙila a dace. Baffa ya ce a bayan maƙabarta ne ta wajen fadama, gindin wata ƙaya.

Ruwa ya riga ya hau wurin. Ni da matar Yaya muka tafi, ta baro mijinta a gadon asibiti ta zo taya ni, domin ita ta yarda da ni. Muka ɗaure zane, muka shiga laka har gwiwa da fartanya ɗaya da kwano. Kwana biyu muna tono gindin kowace ƙaya da ke wurin. Masu zuwa gona suna tsayawa suna kallo, Badawa da Hausawa, kowa da abin da yake faɗi da harshensa. Ƙafar matar Yaya ta tsage a kan wani gwangwani, ta ɗaure da gefen zane ta ci gaba. Ba mu sami komai ba sai tsutsa.

Wa'adin gidauniya ya cika ina kallo. Na rubuta musu na roƙi a ɗaga mini ƙafa, suka amsa da wasiƙa mai ladabi cewa ƙa'ida ba ta bari ba. Shekara ta juyo na wuce shekarun da suke so. Shugaban sashe ya ce in yi haƙuri, wani tallafin zai zo. Babu wanda ya zo, domin irin wannan tallafin na masu farawa ne, kuma ni na gama farawa ban fara komai ba.

Yaya ya miƙe ya koma bandarsa, har ya ɗan yi ƙiba. Baffa ya riƙa cewa a shago, ga shi nan ba Kano ba Turawa ya warke sarai. Bayan shekara ɗaya da wani abu ciwon ya dawo. Na ɗauke shi na zaga da shi wurin manyan likitoci, kuma duk inda muka shiga tambaya ɗaya ce: ina sakamakon gwajin naman da aka cire? In ce babu. Su ce to me za mu buɗe mu nema? Ba laifinsu ba ne, ni ma da haka zan tambaya. Nan ma aka riƙa yi masa maganin hasashe, ana canzawa, yana ramewa. Shekara uku bayan tiyatar ya rasu a Gashuwa, cikin zafin bazara, ya zama ƙashi da fata, ciwon da ya kashe shi ba shi da suna a kowace takarda.

Baffa ne ya zauna a kan tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa. Ina daga cikin gida ina jin muryarsa yana cewa mun yi iya ƙoƙarinmu, kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare, ban taɓa jayayya da wannan ba. Ƙoƙarin ne ya tsaya mini a wuya. A ranar na ce a raina, Baffa, in dai ina numfashi sai ka maimaita wannan maganar a gaban mutanen nan, ka ji yadda take ɗaci.

Daga nan na daina ci da sha a gidansa. Ina zuwa gaisuwar salla, in durƙusa, in tashi, a kawo fura in ce na ƙoshi. Kowa ya gane. Da na gama koyon aiki aka yi mini tayin zama a Kano, na ƙi, na dawo Nguru na haɗa ɗan ɗakin gwaji da tsohon madubi da firjin da ke aiki in an ga dama. Dokata ta farko ita ce ba a miƙa wa dangi kwalba. Ni da kaina nake tsayawa a ƙofar tiyata in karɓa, ko Sarkin gari ne babban mai majinyacin.

Ana nan, shekara tara bayan tiyatar Yaya, sai ga autar Baffa ta yi sallama a ofishina. Lokacin rigimar tana farkon karatun likitanci, abin da ta sani kawai shi ne Anti ta taɓa yi wa Baba tsawa a zaure. Yanzu ta zama likita, ta zaɓi gwajin nama, kuma ciwon Yaya ne ya ja ta, don shi ma ya goya ta. Ta zube ta gaishe ni, ta fito da takardu. An sake buɗe irin tallafin nan na sababbin masu bincike. Ita ta fi ni sa'a, tana da majinyata a gilashi. Abin da ya rage mata shi ne wasiƙar babba a fannin wanda zai tsaya mata ya kula da aikin, kuma a duk yankin nan ni kaɗai ce. Kwana ashirin suka rage a rufe.

Na karanta abin da ta rubuta har ƙarshe. Ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, kuma na san ta cancanta. Na rufe takardun na sa a durowa na murɗa makulli.

"Ki ce wa mahaifinki ya zo da kansa," na ce.

"Anti, me Baba zai yi a ciki?"

"Shi ya sani."

Ya zo. Ya tsufa, ya fara dogara sanda, hanyar Gashuwa zuwa Nguru kuwa duk wanda ya bi ta a shekarun nan ya san yadda take kakkarya mutum. Na bar shi a kan benci cikin majinyata tun hantsi har azahar, sannan na aika a ce masa aiki ya yi yawa, ya dawo jibi. Ina leƙensa ta taga yana lallaɓawa zuwa bakin titi neman ɗan acaɓa. Na jira in ji tausayi, ban ji ba.

Zuwa na biyu na bari ya shigo. Ya fara da zumunci, da mahaifinmu, da yadda yarinya ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na bar shi ya gama.

"Tambaya ɗaya ce, Baffa. Me ya sa?"

"Addini ne, 'yar nan. Fahimtata ce a lokacin."

Na tashi na buɗe masa ƙofa. Na ce kwana goma sha ɗaya suka rage, ya je ya sake tunani.

Zuwa na uku ya shigo da baƙar leda a hannu, ya rufe ƙofa da kansa. Bai zauna ba. Ya ajiye ledar a kan teburina ya ja baya. Na buɗe, sai ga kwalba. Filastar ta yi ruwan ƙasa, amma sunan Yaya yana nan da rubutun nas ɗin. Guntun hanjin yana kwance a ciki, ya yi fari-fari, ƙullin yana manne da shi.

Na ƙura mata ido. Abin da ya fara dawo da ni shi ne ruwan. Kwalbar cike take har wuya, ruwan garau. Shekara tara a zafin Gashuwa, da tuni ya ƙafe ya bar busasshen abu. Na murɗe murfin, warin sabon fomalin ya doke ni har idona ya kawo ruwa.

"Kana ƙara masa ruwa," na ce.

"In na ga ya yi ƙasa."

"Ina take duk shekarun nan?"

"A ɗakin ajiya na shago, bayan kwalaye."

"Ranar da muke cikin laka ni da matar Yaya?"

"Tana shago."

"Ranar da nake yawo da shi ana tambayata sakamako? Ranar da muka biyo ta shagonka ka ba shi maganin zawo?"

Ya kawar da kai. Na ce ya buɗe baki ya yi magana, yau babu dattawan da za su gyaɗa masa kai. Sai ya ce ya so ya binne, har ya ɗauki fartanya, ya kasa, don ya san abin da ke ciki. Ya so ya ba ni, nan ma ya kasa. Ya ce idan takarda ta fito daga Kano ta ce ba taifot ba ce, bayan shekara huɗu yana yi wa ɗan wansa allurar taifot, wa zai sake taka shagonsa, wa zai sake ce masa Likita? Ya ce kullum yana cewa gobe, har goben ta ƙare.

"Ga ta nan, na kawo," ya ce. "Ki sa wa yarinya hannu, maganar ta mutu tsakaninmu mu biyu."

Kai! Wato ma ciniki ya zo yi. Wallahi na ɗaga kwalbar nan niyyata in fasa masa ita a ka, Allah ne ya riƙe ni, da kuma sanin cewa Yaya ne a ciki. Na ajiye a hankali. Na ce zan sa hannu, amma maganar ba za ta mutu tsakanin mutum biyu ba, tun da ba tsakanin mutum biyu aka fara ta ba. 'Yarsa ce za ta yanka naman da hannunta, ta duba, ta rubuta sakamako. Sannan ta karanta shi da Hausa a zauren gidanmu, gaban matar Yaya da dattawan da suka rage, yana zaune. In an yi haka wasiƙa ta fito. In ba a yi ba, ta zauna a durowa har wa'adi ya cika, ita ma ta ɗanɗana.

"Ki yi mini duk abin da kike so," ya ce, "amma ki cire ta a ciki."

"Ni wa ya cire ni?" na ce.

Na kira autar na ajiye mata kwalbar. Ta karanta sunan da ke jiki, ta dube ni, ta sake karantawa. Ban yi mata bayani mai tsawo ba, na ce daga shagon mahaifinta ta fito. Ta yi aikin ina tsaye a kanta. Naman ya daɗe a ruwa, rini na musamman ba zai kama shi da kyau ba, amma rini na yau da kullum ya isa. Da gilashin ya bushe na ce ita za ta fara dubawa. Ta sa ido a madubi ta daɗe, ta matsa da gilashin zuwa bakin yankan, ta tsaya a nan. Na matsar da ita na duba. Ƙwayoyin nan ne da na yi shekaru ina gani a littafi, a jere gungu-gungu, kuma sun kai har bakin inda wuƙa ta tsaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru a Gashuwa, saura kwana biyu a rufe. Wasiƙar tana jakata da sa hannuna, na bari autar ta ga ambulan. Dattawa huɗu suka rage daga na wancan zaman, da malam, wanda ido ya fara yi wa nauyi. Ban faɗa wa kowa dalilin taron ba, na ce dai maganar marigayi ce. Matar Yaya ta kawo wa Baffa ruwa da kwanon dambu ta ajiye a gabansa, kamar yadda ta saba tun da ya zama uban marayunta, sannan ta zauna daga bakin ƙofa.

Autar ta miƙe da takarda. Ta ce an gwada naman da aka cire wa marigayi. Ta ce ba taifot ba ce, ba olsa ba ce, ƙari ne na hanji, daga irin masu girma sannu a hankali. Ta ce yankan bai kwashe shi duka ba, kuma shawarar gwaji ita ce a sake tiyata ba da jinkiri ba.

"Da an sake yi, da ya rayu?" matar Yaya ta tambaya.

"Rai na Allah ne," in ji autar. "Amma masu irinsa sukan yi shekaru masu yawa in an bi shi da wuri."

Matar Yaya ta gyaɗa kai a hankali. Can sai ta ɗago.

"To ina aka samo naman? Ba an binne ba?"

Autar ta dube ni. Na ce a tambayi Baffa, ga shi nan zaune. Kowa ya juya. Ya kama carbi yana ja ba ya ƙirga komai. Na bar shirun ya yi tsawo, ban taimaki kowa ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa har cikin raina. Ƙarshe 'yarsa ce ta faɗa, kanta a ƙasa.

"Ba a binne ba. Yana shagon Baba tun ranar."

Ba wanda ya yi salati ma. Matar Yaya ta miƙe, ta tako har gaban Baffa, ta sunkuya ta ɗauke kofin ruwan da kwanon dambun, ta shige gida da su.

Na fito da ambulan na miƙa wa autar. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta dube ni ba, ba ta kuma dubi mahaifinta ba. Na san na ƙona wani abu a tsakaninsu da ba zai sake tsirowa ba, na san kuma ba ta yi mini komai ba. Wannan nauyin nawa ne, ina ɗauke da shi har yau, amma in aka maido ni ranar haka zan sake yi.

Sauran naman na kawo shi a naɗe cikin farin ƙyalle. Na ajiye gaban malam na ce an gama gwaji, yanzu sai a binne. Ya ce a kai shi kusa da mai shi tun rana ba ta faɗi ba. Maza suka miƙe, Baffa ma ya laluɓo sandarsa zai tashi.

"Zauna, Alhaji," in ji malam. "Mun isa."

Suka fita suka bar shi shi kaɗai a kan tabarma. Motar Nguru ta ƙarshe tana gab da tashi, kuma babu hanyar fita daga gidanmu sai ta zaure. Na ɗauki jakata, na wuce ta gabansa da takalmina a ƙafa.